Ranar da Ashirin da Uku Ta Zo da Sanda

Har yau ban manta da ranar da ansifekta, mai duba makarantu, ya zo lakwal ɗinmu, wato makarantar bokonmu, ba. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, a wani ƙauye bakin kogin Komadugu, gaba da Assaga. Ni nake riƙe da ajin ƙanana. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ne direkta, wato shugaban makaranta, shi kuma ke da ajin manya. Ku da kuka fara aiki yanzu ba ku san shi ba. Mutum ne mai tsabta da son tsari, wanda in ya yarda da abu ko ministan ilimi ba ya juya shi.

Mu mutanen Damagaram ne, ba ma jin Kanuri. Ajinsa kuwa rabi Bukar ne, sauran Modu da Ari da Falmata. In ya ce Bukar, sai layi guda ya miƙe. Da abin ya ishe shi, ya sayo farin fenti a Diffa, ya bi allunan yara ya rubuta wa kowanne lamba. Daga ranar babu mai suna. In ya yi tambaya, yara su rubuta amsa su ɗaga allo, shi ya duba lamba ya ba da maki. Ya ce wannan shi ne aikin zamani.

Abin ya yi kyau har tattasai ya nuna. A ƙasar nan, in tsinka ta zo, duk mai hannu biyu gona yake kwana da tashi. Sai iyaye suka lura Mushe, kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, allo yake kallo. Yau babban yaro na gona, ƙanensa ya ɗauko allo. Gobe ɗan ƙanwar uwa. Wata rana na ce masa, "Mushe, Ashirin da Uku fa ya rage tsawo tun makon jiya."

Ya ce, "Madan, ki kula da ajinki. Ni ajina ba mai fashi ko ɗaya."

A aikinmu, makin da ansifekta ya ba malami shi ke tafiya da takardar neman canjin wuri. Mu kuwa mun nemi a maida mu cikin Diffa. Ciwon sukari ya fara taɓa maigidana, muna son kusa da likita. Don haka da aka aiko cewa ansifekta na tafe, ya tafi wurin bulama, wato mai gari, ya ce jibi duk lambar da ba ta zo ba, gidansu zai amsa tambaya a gaban hukuma.

Bulama ya ce, "Lamba?"

Ya ce, "Lamba."

Bulama ya ce to, an gama. Su a wurinsu wannan tsohon abu ne. In gwamnati ta kira aikin hanya ko gyaran madatsa, kowane gida mutum ɗaya yake bayarwa, kuma ba a aika wanda gona ke bukata.

Ranar, tun da safe ya sa farar rigarsa ya tafi bakin hanya tarbar mota. Ni ina cikin nawa ajin, na ji ana ta shiga nasa, har da tari irin na manya, amma ban fita ba. Sai da suka iso aka kira ni in zauna a baya, kamar yadda aka saba.

Aji ya cika, ba gurbi ko ɗaya. Yaran gaske ba su kai rabi ba. Akwai ƴan shekara huɗu da allo ya fi ƙirjinsu faɗi. Akwai mace mai goyo. Akwai wani dattijo da idonsa ya mutu, an zaunar da shi yana fuskantar bango. A layin gaba, wata tsohuwa ta miƙe ƙafa, sandarta a gefe, ta rungume allo mai lamba ashirin da uku.

Ansifekta ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Mushe Direkta, wannan ɗalibar sau nawa ta maimaita aji?"

Tsohuwa ba ta jira ba. Da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Ɗana, an ce allo ya zo da mutum. Ga allo, ga mutum. Jikana yana tsinka, ni bayana ba ya duƙawa. In karatun za a yi a yi, rana tana yi."

Ansifekta ya ce, "Madalla, Iya." Ya juya ga maigidana. "Jikan nata, mene ne sunansa?"

Maigidana ya dubi allon tsohuwar. Ya ce, "Bukar."

Tsohuwa ta ce, "Bukar na maƙwabta ne. Shi ma ga uwarsa can da goyo."

Ansifekta ya sa yaran gaske su kifa allunansu, ya ce direkta ya kira masa su da suna. Ba sai na faɗa muku yadda aka ƙare ba. Ni ma tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa faɗin sunan maigidana ba, amma ni na san shi.

Ba a ba mu Diffa ba. Mun ƙara shekaru a ƙauyen, yana hawa motar kasuwa zuwa likita. Mako guda bai yi mini maganar ba. Daga baya na gan shi bayan la'asar yana bin gonaki da ƙafa, yana tsayawa wurin kowane yaro yana tambaya, wane ne kai, ɗan wa. Fentin bai kankaru ba, amma bai sake kiran lamba ba. A ciwonsa na ƙarshe, Ari wane da Falmata wance yake tambayata, ko sun yi aure, ko suna raye.

Abin da na koya ke nan: iyaye suna kallon abin da malami yake ƙirgawa, kuma shi za su kawo masa daidai, ba ragi ba ƙari.

Watan jiya, ranar addu'ar bakwai ta maigidana, wani mai gemu ya zo daga ƙauyen da buhun tattasai. Ya durƙusa bakin tabarma ya ce, "Madan, ba ki gane ni ba. Ni ne Ashirin da Uku."

Na ce, "Wanne daga ciki? Kai ko kakarka?"

Ya yi dariya, ya share ido da hannun riga. Ya ce, "Ari ne, Madan. Mushe ya sani."