Raga Biyar a Ƙwaya Ɗaya

Ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ba zan manta ranar da na kai ƙwayar kiristal ɗina Paris ba.

Ni ban shiga lakkwal ina yarinya ba. Sai da na haifi uku sannan na koyi rubuta sunana a ajin manya, can Tawa. Da aiki ya kawo maigidana masana'anta a Saint-Fons, kusa da Lyon a Faransa, muka tare a Vénissieux, na ci gaba da karatu, ina zama aji ɗaya da sa'o'in 'yata. Furfura ta riga ta fara fito mini lokacin da na kai ƙarshen masta a kimiyyar sinadarai, aka ɗauke ni staj, wato koyon aiki, a wani labo na binciken kimiyya a Lyon.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. A cikin lu'ulu'u, kowace ƙwayar zarra tana riƙe da huɗu, su ma haka, har abin ya zama raga mai ƙarfi. Wannan ginin muke kwaikwaya, sai dai mu tutiya muke sawa a kowane ƙulli, mu haɗa ƙulli da ƙulli da dogayen sandunan sinadari, don idon ragar ya yi faɗi ya zama ɗakunan da za su kama iskar gas. Madam, shugabar labon, ba ta ɓoye mini komai ba. Gurbin yin digirin dokta ɗaya ne, masu nema yara ne, shekaruna ba sa taimakona. Ta ce, "In ragarki ta fito da ɗakuna a buɗe, zan tsaya miki gaban kwamiti. In ba haka ba, ba ni da bakin magana."

Watanni ina haɗawa, abin yana fitowa gari kamar alli. Daga baya dai ƙwayoyi suka tsiro a gindin kwalba, ƙanana, ba su kai ƙwayar gishiri ba. Na'urarmu ta kasa ganin cikinsu, aka tura ni Paris inda ake da babba.

Mai kula da na'urar wani mutumin Jos ne, mai yawan ba'a. Da ya ga na zaro kwalbar daga ƙirjina, naɗe a ɗankwali, sai ya kwashe da dariya.

"Hajiya, ku mutanen Nijar ko sampul ma sai kun goya shi?"

Na ce, "Malam, kai dai yi aikinka. 'Ya'yana uku ba wanda ya ba ni wuyar da wannan ya ba ni."

Ya zaɓi ƙwaya guda ya ɗora, haske ya ratsa ta, muka zauna jira. Can zane ya fara fitowa a kwamfuta: ƙulli, hannu huɗu, ƙulli, hannu huɗu, ginin lu'ulu'u sak, ga idanu manya-manya. Na miƙe tsaye ina hamdala. Shi kuwa ya daina dariya. Ya taɓa wani abu, sai ga wata raga ja ta bayyana a cikin idon ta farko. Ya sake taɓawa, ga koriya. Har biyar, kowace ta ratsa ta cikin 'yar'uwarta kamar sarƙa, ba inda suka haɗu, ba kuma yadda za a raba su. Ɗakunan nawa duk sun cika. Ko iska ba ta da wurin kwana.

Ya ce a hankali, "Ba kuskurenki ba ne, Hajiya. In sanda ta yi tsawo, rami ya yi girma, wata ragar sai ta tsiro a ciki. Amma fa ya yi kyau. Ban taɓa ganin mai tsabta haka ba."

Na ce, "Mi zan yi da kyau? Kyau zan kai wa kwamiti?"

Ya kawo mini ruwa.

A gar, tashar jirgin ƙasa, na kira Madam. Ta ce "C'est très joli," wai ya yi kyau ƙwarai, na fahimci sauran. Har jirgi ya iso Lyon ban yi kuka ba, fushi nake, kuma ba wanda zan yi wa. Da malalaciya ce ni, ko da wani ne ya cuce ni, da na san inda zan kai bakina.

Gurbin ya tafi ga wani. An buga ragar a mujalla da sunana a ciki, ni kuma ina auna ruwan masana'anta a Saint-Fons har yau.

Tun daga ranar na daina yi wa mata ƙarya. In wata ta zo mini tana so ta koma karatu da girmanta, nakan ce ta koma, yau ba gobe ba, amma ba na ce mata ƙoƙari zai biya ta. Aiki yana iya fitowa daidai ba aibu ko ɗaya, kuma ya hana ki abin da kika yi shi dominsa. Wadda ta ji haka ta ce duk da haka za ta yi, ita nake rakawa ta yi rajista.