Madam Rahama da Renon Ƙwayoyin Jini

Ƙarfe bakwai Madam Rahama take sauka daga motar Mirriya, ta sa farar riga, ta leƙa 'ya'yanta kafin ta gaida kowa a labo, ɗakin gwaje-gwajenmu. 'Ya'yan nata ƙwayoyin jini ne, irin masu haɗiye cuta, tana renonsu a ƙananan farantai. Ni ne sakataren wurin. Shekara sha tara ina buga rahotonta a ordinatar, wato kwamfuta, amma in aka tambaye ni aikinta a gida, cewa nake kiwo take yi.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa zan faɗi abin da na gani.

Bara ɗalibai biyu, Kassim da Aliya, suka ɗebi ƙwayoyi daga kwalba ɗaya. Na Aliya suka yi ladabi: in an zuga su su yi faɗa, in an lallashe su su koma gyaran rauni. Na Kassim kuwa kullum a fusace. Profesa, shugaban labon, ya ce lalle wani ya ƙirƙiri sakamako, ya dubi Kassim. Ni na buga takardar korarsa, sa hannu kawai ya rage.

Madam ta ce, "Profesa, a yi mini haƙuri. Kassim, kwana nawa ka bar su cikin maganin da ke balagar da su?"

"Uku, Tanti."

"Ka wanke su, ka bar su sun huta?"

"Takardar da na bi ba ta ce a yi ba."

"Aliya kwana ɗaya ta yi, ta ba su hutun kwana biyu. Yaron nan bai yi ƙarya ba, reno ne ya bambanta."

Aka sake gwajin da renon Aliya, na Kassim suka nutsu. Na ja Madam gefe na ce, to wanne ne na gaskiya?

"Duka biyun, Malam Idirisu, in dai kowa ya rubuta yadda ya yi."

Na gyaɗa kai irin na wanda ya gane. Har yau ban san yadda abin da ba shi da ƙafa yake gajiya ba.

Rahama, uwar marasa baki, ke ce kika tsaya a ɗakin da kowa ya riga ya yanke hukunci. Kassim ya karɓi diplom ɗinsa, mahaifiyarsa ta zo daga Dogo ta yi guɗa. Mun gode, Allah Ya sa ki huta lafiya.

Ku da za ku gaje ta, kafin ku kira ɗan mutane maƙaryaci, ku tambaye shi yadda ya yi aikin. Ita tambaya biyu ta yi. Ni ko ɗaya ban yi ba, bugawa kawai na yi.