Tarwaɗar Inna

Shekarar da Inna ta kwanta ciwo, abinci ya fita ranta gaba ɗaya. Duk abin da muka kawo daga kasuwar Dutsin-Ma sai ta kawar da kai. Muna kallo tana ramewa, tsoro ya kama ni sosai. Rannan ta ce romon tarwaɗa take marmari, amma ta tafkin ƙauyensu, can wajen Ɗantutture.

Na ce wannan ai aikina ne. Na daɗe ina cika wa abokan aiki baki cewa a ruwa na tashi, alhali iyakata bakin tafki, ina gadin takalman masu iyo.

Da na isa tafkin, na tarar ana su, gari ya fito kamun kifi. Kawuna, ƙanen Inna, ya ara mini homa, ragar kama kifi, da gora, ƙatuwar ƙwaryar nan da masunta ke kifa ciki a kai su yi ta yawo a kan ruwa. Ya dubi tumbina, ya dubi ƙwaryar.

"Ka iya kuwa?"

"Haba, Kawu!"

Na kwanta a kai. Ta yi haƙuri da ni har muka ɗan yi nisa, sannan ta mirgine. Na sha ruwa, na yi salati, na ƙwala ihu a cece ni. Ba wanda ya motsa.

"Mi kake wa kuwwa?" in ji Kawu. "Tashi tsaye mana!"

Na miƙe. Ruwan bai wuce ƙuguna ba. Matan da ke wanki a gefe har da riƙe ciki.

Kunya ta hana ni fita. Na yi ta tura homa cikin laka har la'asar, Allah ya ba ni tarwaɗa guda, ba ta fi tafin hannu ba. Ita ma sai da ta soke ni da ƙaya.

Kawu ya biyo ni gida musamman don ya ba da labari, ya kwanta a tabarma yana kwaikwayon ihuna. Inna ta yi dariya har da hawaye, rabon da in ji muryarta haka tun farkon ciwon. Aka kawo romo, ta shanye, ta suɗe ƙashi.

Ta miƙo mini kwanon, ta ce, "Allah shi yi ma albarka. Gobe ka koma."