Salfo, Har Bishiyar Jikana Ka Karɓe

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni, bayan La'asar, Allah Ya karɓi ran surukina Salfo Nikiyema a nan Wagadugu, bayan gajeriyar jinya. Juma'ar da ta biyo baya, 'yarsa Rihanata, matar ɗana Madi, ta haifi namiji, jikana na fari. Ina rubutun nan da hawaye, ina kuma kama kaina ina murmushi.

Salfo, kai ma'aikacin tsara gari ne, ni mai gyaran keke da babur. Ka yi boko tun kana yaro, ni sai da furfura ta fito na shiga ajin yamma. Tare muka tare a unguwar nan lokacin da aka yanka filaye, babu inuwar da ko akuya za ta fake. Kai ka tsaya kai da fata aka bar fili a tsakiya. Ka hana a taɓa shi har damina ta wuce, kana kallon inda ƙafar mutane ke bi da inda ruwa ke kwanciya, sannan ka fitar da hanyoyi da wuraren zama. Na ce maka wannan lalaci ne mai albashi. Yau a can mata ke sayar da wake da shinkafa, a can yara ke ƙwallo, tsofaffi na dara.

Duk gidan da aka yi haihuwa, ranar suna sai ga ka da dashe, ka zaɓi wuri a filin, ka dasa da hannunka da sunan jaririn. Wa zai bar akuya ta cinye bishiyar ɗansa? Shekarar da wani attajiri ya zo da masu awo zai gina shaguna, iyaye mata ne suka fito, kowace ta jingina da bishiyar ɗanta, har ya naɗe igiyarsa ya tafi.

To amma wa ya yi ban-ruwa? Rani nawa na yi ina tura gangar ruwa daga famfo? Duk da haka Filin Salfo ake cewa. Matata Azeta ma, in mun yi baƙi, sai ta ja su su ga "aikin Salfo". Na tambaye ta ko ruwan da ƙafarsa ya taka ya je, ta ce ai ruwa kowa ma zai iya ɗebowa.

Da cikin Rihanata ya fito, na faɗa maka wannan bishiya ni zan dasa, kuma mangwaro. Ka ce mangwaro a filin jama'a gayyar jifa ce, duwatsun yara a kan tsofaffi za su sauka. Maɗaci za a sa.

"Suruki, kai cikinka kake yi wa shuka," in ji ka.

Na ce, "Ɗan ɗana ne. Ka dasa na unguwa duka, bar mini wannan ɗaya."

Ka yi dariya, ka ce a bari a haihu tukuna. Ba ka jira ba.

Ranar suna gidana ya cika, rabi masu gaisuwar mutuwa, rabi masu barka. Tsofaffin mata suka duba kunnuwan yaron suka ce kai ne ka fasa tafiya ka juyo. Liman ya tsawatar, amma sunan da aka raɗa Salfo ne. Hancin yaron irin nawa ne sak, amma ba wanda ya lura.

Na ɗauko mangwarona zan fita, sai Rihanata ta kira ni daga ƙofar ɗaki, idanunta a kumbure. A gabanta ga gwangwani da ɗan maɗacin da ka rena.

"Baba, ban taɓa roƙonka komai ba. Wannan ya bari. Hannunka nake so ya dasa shi."

Me zan ce wa yarinyar da ta rasa uba, ta ba ni jika a mako ɗaya? Na ajiye mangwaron. Na tona rami yamma da wurin zama, yadda kake yi, na dasa, na kewaye da tubali. Ina cikin zuba ruwa na ji wata mai abinci tana ce wa 'yarta ta zo ta ga bishiyar Salfo ta ƙarshe. Ni na tona, ni na dasa, ni zan yi ban-ruwa har ƙarfina ya ƙare.

Mangwaron na dasa shi a tsakar gidana, inda ba ka da iko. Yaron kuwa kullum yana kan cinyata. Suruki nake kiransa, in ya yi kuka in ce masa ya yi shiru, ai ya ci gardama.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Mamunata, da Rihanata da ƙannenta, da duk zuriyar Nikiyema. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya mana takwaranka. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa kowace inuwa da wani ya huta a ƙarƙashinta ta zame maka sadaka mai gudana. Idan Ya sa mun haɗu a gidan Aljanna, na san zan tarar ka riga ka zaɓi wuri mafi sanyi. Ka ɗan matsa mini.

Rasmane Ilbudo