Tap a Boɗinga, Suruki a Shagari

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da abokin aikina, da laftof da ƙananan akwatunan tap guda biyu a jaka. Wani mai cibiyar jarrabawar kwamfuta ne ya kira mu. Yana da zaure a Boɗinga, da reshe a Shagari, faiba, wato wayar da ke kai saƙo da haske, ta haɗa su. Kullum da yamma sabis ɗinsa sai ya shaƙe, kuma an gargaɗe shi: in ya sake yankewa a jarrabawar Asabar, za a rufe cibiyar.

Hanya lafiya lau, sai motocin albasa da ke tafiya kamar ba sa son isa. Kuɗin mota kam ya tashi, direba ya ɗora wa tsadar man fetur laifi, muka biya. A Boɗinga muka karya da masa mai zafi, abokina ya ci har na fara jin kunyar mai tuyar.

Tap ba wani abin mamaki ba ne. Akwati ne da ake sakawa a tsakiyar waya, duk abin da ya wuce sai ya ba ka kwafinsa, ba ya tare komai. Muka sa na wayar tagulla a Boɗinga, muka zuba ido har azahar. Tsit, babu matsala. Mai cibiya ya rantse faiba ce ta lalace, muka wuce Shagari tare da shi.

Tap ɗin faiba ko wuta ba ya sha, ɗan haske kawai yake tsakura. Na goge bakin wayar, na jona. Haske garau, faiba lafiyarta ƙalau! Na fara tunanin mun yi zuwan banza.

Ana idar da la'asar sai ga layi ya cika maƙil a laftof. Ba kwamfutocin zaure ba ne, wayoyin hannu ne birjik. Na leƙa taga. Dattawa ne a kan tabarma ƙarƙashin dogon yaro, wani na kallon wa'azi, wani na hira da ɗansa na Ikko ta bidiyo.

Mai cibiya ya sunkuyar da kai. Ashe ya taɓa ba surukinsa, ɗaya daga cikin dattawan, lambar wayifai, shi kuma dattijon ya raba wa majalisa. Wa zai iya duban idon surukinsa ya ce ya daina? Wallahi tausayinsa na ji.

Ni baƙo ne, sai na cire takalmi, na durƙusa na gaida dattijon, na yi bayani. Ya fara tambaya ko akwatin na karanta saƙonninsa. Na ce yawan abin da ke wucewa kawai muke dubawa.

"Ashe mu na munka hana yara aiki?" in ji shi. "Jikata ma tana cikin masu jarrabawar ga! Mi ya hana shi gaya man?"

Muka ware wa majalisa nata layin, dattijo kuma ya ce ranar Asabar kowa ya bar wayarsa a aljihu.

Mun dawo gida kafin magariba da ƙullin albasa kyauta, raina fes. Ranar Asabar mai cibiya ya bugo: an gama lafiya, ko sau ɗaya sabis bai yanke ba. Abin da na koya shi ne, tap zai nuna maka inda matsala take, amma zuwa gaban suruki sai da mutum.