Rumfar Sodangi Mai Tuwo

A tashar motocin Shinkafi da ke Kaura Namoda akwai wani mai tuwo da ake kira Sodangi. Dogo ne siriri, furfura ta fara cin gemunsa, kullum da tawul ɗaure a ƙugu. Rumfarsa ta fararen buhunan taki ce, ko ƙyalle ɗaya mai launi babu a jikinta. Direbobi sun san shi da miyar sure wadda babu irinta a tashar, sun kuma san shi da wata ɗabi'a: duk kwanon da aka gama ci sai ya leƙa cikinsa, ya dubi mai kwanon, kafin ya tsoma shi a ruwa. Masu tsokana na cewa loma yake ƙirgawa. Ba haka ba ne.

A Dauran ta ƙasar Zurmi aka haife shi, shi kaɗai namiji cikin 'ya'yan Nagoggo mai tuwon kasuwa. Tun yana ƙarami ya fi son gindin murhu da gona. Mahaifinsa ya yi faɗa, ya yi duka, har ya gaji ya zuba masa ido. Kafin ya yi gemu ya iya tuƙa tuwon dawa ba gudaji, ya kuma kwashi maganar yayyensa da yadda suke tafa hannu idan zance ya yi daɗi. Mutane suka ce masa ɗan daudu. Bai yi musu ba, bai kuma taɓa yi wa kowa bayanin kansa ba. Yana salla a sahu, yana zuwa jana'iza, ranar biki shi ake kira ya ɗora tukwane. Haka garin ya zauna da shi.

Da zaman ƙauye ya gagara saboda 'yan bindiga, ya dawo Kaura, aka ɗauke shi dahuwa a wata makarantar kwana ta maza. A can ya haɗu da Adda Turai, bafulatana mai kaifin baki, suna dafa wa ɗalibai tare. Malamai kuma kowa na aiko da kwanonsa da rana. Sodangi ya san kwanukan nan kamar fuskokin masu su. Idan na wani ya dawo da saura, ya san ko zazzaɓi ne ko rigimar gida. Na Malam Mu'awiya mai kula da wasanni kuwa kullum a sharce yake dawowa, har Sodangi kan ce, "Malam, ka bar ma kwanon fenti nai mana."

"Laihinka na, Baba Sodangi," in ji malamin. "Wa yac ce ka iya miya?"

Wata shekara aka yi gasar wasanni tsakanin gidajen kwanan ɗalibai. Kowane gida da launinsa: ja, kore, shuɗi, ruwan ɗorawa da sauransu. Yara suka yi maci da yadudduka a hannu, aka tashi, aka watsa yaduddukan a sito. A lokacin kuwa iskar farkon damina ta yaye kwanon rufin kicin, rana na dukan masu dahuwa tun hantsi. Sodangi ya roƙi Malam Mu'awiya yaduddukan.

"Ɗebe su duka," in ji malamin. "Ɓeraye za su cinye su banza."

Ya zauna da allura ya haɗa su ɗaya gefen ɗaya, ya ɗaure a kan sanduna bisa murhu. Inuwa ta samu. Adda Turai ta ɗaga kai ta ce, "Kai, Sodangi, awa ɗakin amarya!"

A daidai wannan lokaci ne wayoyin mutane suka cika da zance ɗaya. Ana yawo da hotunan wasu ƙasashe inda masu neman jinsi ke maci kan titi da tuta mai launuka a jere, 'yan sanda na gadinsu. Ana cewa abin zai shigo ta makarantu. Aka yi ta magana a masallatai da majalisu, har umarni ya zo daga sama cewa shugabannin makarantu su sa ido. Sodangi bai san komai ba. Wayarsa ƙarama ce, ta kira da amsawa.

Daga kwanuka ya fara ganewa. Ran nan na malamin lissafi bai zo ba. Washegari biyu suka dawo yadda aka zuba su, man ya daskare a kan miya. Ya ɗanɗana miyar, babu abin da ya same ta. Ɗalibai da ke kiransa Inna Sodangi suna dariya suka koma miƙo kwano daga nesa, ido a ƙasa. Mai gadi ya daina tsayawa shan ruwa. Na Malam Mu'awiya ya dawo an ci rabi.

Sai zuciyarsa ta tafi kan Adda Turai. Ta yi sabuwar waya mai hoto, kuma kwana biyu tana shiga bayan sito da ita. Ya fara lura da inda take tsayawa, da wanda take gaisawa da shi a bakin ƙofa. In ta yi dariya da wani, sai ya ji da shi ake.

"Adda," ya ce mata suna wanke shinkafa, "mi anka ce na yi?"

"Wa yac ce ka yi wani abu?"

"Kwanoni sun ce."

Ta share hannu a zani, ta ciro wayar ta nuna masa. Rumfarsa ce. Ga shi a ƙarƙashi da tawul a ƙugu, ludayi a hannu, yara sun yi layi. Ta karanta masa abin da aka rubuta a ƙasa: wai an kafa tutar masu auren jinsi a makarantar 'ya'yan Musulmi, ga kuma wanda aka damƙa wa yaran.

Ya ɗago ya dube ta. "Ke kika ɗauka?"

"Ni? Allah shi isam min! Dubi da kyau, wawa, ga ƙeyata nan cikin hoton. Da ƙeya zan ɗauka?"

Ya duba. Ga ɗankwalinta kuwa a gefe. Wanda ya ɗauki hoton daga sama ya ɗauka, ta wajen tagar ofishin malamai. Kuma duk wanda ke ofishin nan ya ci tuwonsa.

Ya so ya kwance rumfar a ranar, sai ya ga in ya kwance za a ce ɓoyewa ya yi. Ya bar ta.

Ba a jima ba kwamiti ya zo, mutum daga ofis, wani dattijo daga iyayen yara, da wani malamin addini. Aka shimfiɗa musu tabarma ƙarƙashin dalbejiya, nesa da rumfar. Sodangi ya yi abin da ya saba yi wa baƙi, ya zuba tuwo a babban faranti, ya kai da ruwan wanke hannu, ya durƙusa. Babu wanda ya taɓa butar.

"Ina ka samu tutar nan?" in ji mutumin ofis.

"Ranka shi daɗe, ba tuta ba ce. Yadin macin yara na. Rana ka dukanmu."

"Wa ya ba ka?"

Sodangi ya dubi Malam Mu'awiya da ke tsaye cikin malamai. Malamin ya dubi takalminsa.

"Malam Mu'awiya?" in ji shugaban makaranta.

"To, yaduddukan dai namu ne," malamin ya ce a hankali. "Amma batun bayarwa, gaskiya ban tuna ba."

Dattijon ya tambayi Sodangi me ya sa bai da iyali, me ya sa yake magana haka, ko yana shiga ɗakunan kwanan yara. Na ƙarshen kaɗai ya amsa, ya ce bai taɓa wuce bakin kicin ba. Aka kira ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ce ya yi masa komai. Amma kafin la'asar samari sun fara taruwa a bakin ƙofar makaranta, wasu da sanduna.

Adda Turai ta zo ɗaukar farantin, ta ga ba a taɓa ba. Ta tsuguna nan gaban maza, ta gutsuri loma ta kai baki. "Shekara nawa kuna ci," ta ce, "yau ne ya zama guba?"

Shugaban makaranta ya ja Sodangi gefe. "Ba a same ka da laifi ba. Amma ka ji hayaniyar bakin ƙofa. Ba ni da abin da zan tsare ka da shi, kuma na tambaya an ce babu jami'an da za a turo. Ka je ka huta har abin ya lafa, za mu neme ka."

A bayan motar da ke kawo itace ya fita, kwance, an rufa masa buhuna. Adda Turai ta yanke rumfar da wuƙar albasa ta cusa a murhu.

Ya yi watanni a gidan wani direba ɗan garinsu kafin ya kafa tukunya a tasha. Kullum wayarsa na aljihun gaba, ko makaranta za ta kira. Duk baƙon da ya ɗaga waya kusa da rumfar, sai Sodangi ya juya baya.

Wata ranar kasuwar Shinkafi, yana kwasar tuwo, ya ji an ce, "Baba Sodangi." Malam Mu'awiya ne, da jaka a kafaɗa, yana jiran mota ta cika. Suka gaisa. Sodangi ya zuba masa, ya ƙara man shanu kamar da, ya koma gefe yana kallon hannunsa.

"Malam, an gyara kwanon ruhin kicin?"

"An gyara." Ya haɗiye loma. "An kuma ɗauki wata mata, ita da Adda."

Sodangi ya gyaɗa kai. Ya so ya tambaye shi wa ke zama bakin tagar ofis, sai yaron mota ya ƙwala kiran Shinkafi, malamin ya miƙe da sauri, ya yi godiya ba tare da sun haɗa ido ba.

Sodangi ya ɗauki kwanon. A sharce yake tas, kamar da. Ya daɗe yana juya shi a hannu, wannan karon bai gane abin da kwanon ke faɗa ba. Ya ciro wayar daga aljihun gaba ya jefa cikin jakar kayan miya, sannan ya tsoma kwanon a ruwa.