Muryar da Aka Zuba a Gora

Shekarar da Baba ya sayo talabijin, tatsuniya ta ɗauke a gidanmu na Mubi. Da an idar da isha'i sai mu cika ɗaki muna kallon wani wasan kwaikwayo. Akwai wani kyakkyawan saurayi a ciki mai zafin kishi. Yakan mari budurwarsa don ta gaida wani, sannan ya durƙusa yana kuka, kiɗa mai taushi yana tashi. Yayata Hajara takan dafe ƙirji ta ce ai so ke nan.

Kakarmu, wadda muke kira Maama, ta zauna ta kalla sau ɗaya. Washegari ta hura wuta a tsakar gida ta jera masara. Ƙamshin ne ya fito da mu.

Ta ba mu labarin wata yarinya da in ta yi waƙa a bakin mayo, wato kogi, shanu kan ɗago kai su bar shan ruwa. Saurayinta ya ce ba ya iya jure wasu su ji ta, sai ta bar waƙa. Ya ce gaisuwar ma tana ƙona masa rai, ta bar gaisuwa. Daga ƙarshe ya zo da gora yana hawaye, ya roƙe ta ta zuba muryar ya adana mata. Ta zuba, ya toshe, ya rataya a wuya. Wata rana yana tsallaka mayon, ita tana kan tudu, ta hango ruwan da aka yi a kan duwatsu ya taho kamar bango. Ta buɗe baki ta kira shi.

A nan Maama ta tsaya, bakinta a buɗe, babu sauti, wuta na haska fuskarta. Masara ta ƙone ba wanda ya motsa.

"Ruwa ya tafi da shi da gorar," ta ce. "Ku bar kallon hawayensa, jikokina. Ku kalli abin da ya karɓa."

Na daɗe ina ɗaukar labarin na tsoratar da yara ne. Maama ta rasu, Hajara ta shiga babbar makaranta, ta yi saurayi. Ya karɓe wayarta wai don kada maza su dame ta. Ranar da masu bindiga suka shigo gari muka gudu da ƙafa ta hanyar Gella, ita tana makaranta. Muka yi ta kira, wayar tana aljihunsa, shi kuwa ya riga ya tsere. Innarmu ta daina cin abinci. Sai bayan kwanaki muka same ta a Yola, ƙafafunta a kumbure.

A lokacin na gane tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta hango abin da mu masu kallo muka kasa gani.

Da gari ya lafa, saurayin ya zo ƙofar gidanmu ya durƙusa yana kuka. Hajara ta miƙa hannu ta karɓi wayarta, ta ce ya gaida gida, ta rufe ƙofa.